Neman tarihin ƙwallon gidanmu a Jos, daga kakana zuwa ɗana

Jikan Gola, Gangare

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tarihin ƙwallon ƙafa a garin Jos, musamman dattawan da suka ga wasannin da idonsu. Kakana, Allah Ya jiƙansa, ya zo aikin kuza tun yana saurayi, kuma shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ma'aikatan kamfanin da ya yi wa aiki a wajen Bukuru. Mahaifina ya buga baya a ƙungiyar unguwa a shekarun 1970, ni ma na buga a sakandare har ciwon gwiwa ya dakatar da ni, yanzu kuma ɗana mai shekara 14 ba ya fashin atisaye.

Kwanan baya yaron ya tambaye ni shekarar da kakan nan namu ya buga wasa a Legas da sunan ƙungiyar da ya bi, sai na rasa amsar da zan ba shi. Tun muna yara ake gaya mana cewa ya shiga jirgin ƙasa tare da 'yan wasan Jos zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wato gasar kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasa, amma baffannina sun saɓa: ɗaya ya ce shi ya tsare raga a ranar, ɗaya ya ce gola na biyu ne, ƙaraminsu kuma ya dage cewa da Mighty Jets ya tafi. Mahaifina ya rasu bara ban zauna na tambaye shi ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Abin da ya rage a hannunmu hoto ne guda ɗaya, baƙi da fari. Mutum shida suna tsaye, biyar sun durƙusa, kakana yana tsakiya da riga mai dogon hannu da hula, ya dafa ƙwallo. Uku daga cikin waɗanda suka durƙusa babu takalmi a ƙafarsu, sai ƙyalle da suka naɗe idon sawu da shi. A bayan hoton akwai hatimin mai hoto da ya dusashe, da rubutun ajami da fensir wanda ban iya karantawa ba. Ta ina ya kamata in fara?

Dattijon Titin Bauci

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya jiƙan magabatanka. Da farko ka cire Mighty Jets daga lissafin kakanka, domin sai wajen 1970 aka kafa ta, Alhaji Isiyaku Ibrahim yana ɗaukar nauyinta, kuma a lokacin babu ɗan wasan babbar ƙungiya da ke shiga fili ba takalmi. Ƙafar nan da aka naɗe da ƙyalle alamar wani zamani ce da ya gabata. Ko tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949 yawancin 'yan wasanta haka suka buga. Kafin Jets, idan gasar kofi ta zo, zaɓo gwanaye ake yi daga ƙungiyoyin gari, na ma'aikatu da na kamfanoni, a haɗa su su wakilci Jos ko Filato. Saboda haka maganar gidanku tana iya zama gaskiya: mutum yana ƙungiyar 'yan kuza, a kira shi tawagar gari.

Ban ga laifin baffanka ba, domin a Jos sunan Jets ya shafe duk abin da ya gabace shi. Ni ina saurayi a 1972, shekarar da suka ɗauki kofin lig na ƙasa karo na farko da aka fara shi, kuma a shekarar ne muka kewaye rediyo a shagon wani tela muna sauraron wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale tsakanin Jets da Bendel Insurance. An ci mu biyu, wasu har sun tashi sun tafi, sai Sam Garba Okoye ya rama duka biyun a mintunan ƙarshe. Aka sake wasan a filin Liberty na Ibadan, Bendel ta ci uku da biyu. A 1974 kuma Rangers ta Inugu ta doke mu biyu da nema. Kofin nan bai zo Jos ba sai a 1999, a hannun Plateau United, kuma na ga dattawa suna hawaye a ranar.

Ƙwallon gida ɗaya ba baƙon abu ba ne a garin nan. 'Yan gidan Atuegbu, wa da ƙanne, sun buga wa Jets tare, kuma duk wanda ya je fili a lokacin ya san su. Amma masu ba da labari suna ƙarewa. Ismaila Mabo, wanda ya tsare bayan Jets kafin ya zama kocin Super Falcons, tawagar matan Najeriya, ya kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Kofin Duniya na mata na 1999, ya rasu a 2023. Ka ɗauki hoton nan ka bi tsofaffin 'yan wasa a majalisunsu bayan la'asar, kuma ka tambaye su da laƙabin kakanka, domin a fili da laƙabi ake sanin mutum, ba da sunan yanka ba.

Malamin Tarihi, Abuja

Baba ya faɗi muhimmin abu, kuma ina so in ƙara masa hujja. Wasu jerin sakamakon gasar da ke yawo a intanet suna rubuta Mighty Jets a gurbin kowace tawagar Jos, har da wadda ta buga wasan ƙarshe a 1951 ta sha kashi uku da biyu a hannun ƙungiyar Reluwe ta Legas, alhali kuwa shekara kusan ashirin ke nan kafin a kafa Jets. Wanda ya dogara da irin wannan jeri zai ɓata tun daga matakin farko. Ka kuma lura cewa an fara gasar a 1945 da sunan Kofin Gwamna, don haka a tsofaffin jaridu da wannan suna za ka same ta.

Game da jaridu, Malam, ka daidaita kowacce da zamaninta. Nigeria Standard ta Jos a 1972 ta fara fitowa, saboda haka za ta amfane ka a kan zamanin mahaifinka ne kawai, kamar yadda New Nigerian ta Kaduna, wadda ta fara a 1966, za ta yi. Don zamanin kakanka sai ka nemi Nigerian Citizen da Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda ake bugawa a Zariya a lokacin, da kuma Daily Times da West African Pilot na Legas, tunda a can ake buga wasan ƙarshe kuma jaridun can sukan jera sunayen 'yan wasan ɓangarorin biyu. Ka fara da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Arewa House, sannan ka leƙa ɗakin karatu na Jami'ar Jos. Kada ka duba ranar wasan kaɗai. Ka karanta makonni biyun da suka gabace ta, domin a nan ne akan sanar da waɗanda aka zaɓa su yi tafiya, kuma gola na biyu a nan kaɗai sunansa zai fito.

Sai ka yi haƙuri da yadda ake rubuta sunaye. Marubucin da ba Bahaushe ba yakan rubuta sunan da kunnensa ya ji, ya mai da Garba wani abu dabam, ko ya haɗa sunan mutum da na garinsu. Ka rubuta duk siffofin da sunan kakanka zai iya ɗauka kafin ka zauna gaban jarida. Hoton kuma kada ka yarda a manna masa leda mai zafi, domin tana lalata tsohuwar takarda. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, ka adana na asalin a ambulan, ka riƙa yawo da kwafi.

Hajiya Maman 'Yan Biyu, Rikkos

Ƙanena, duk shawarwarin da aka ba ka na wurin maza ne, kuma na lura baffanni kawai ka ambata. Ina gwaggonninka? Mahaifina ma ya buga ƙwallo, kuma da muka tashi neman tarihinsa, mahaifiyarmu ce ta fito da katin rajistarsa daga ƙasan akwatin aurenta, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, shekara fiye da arba'in babu wanda ya san yana nan. Mace ba lallai ta san sunan ƙungiya ba, amma ita ta wanke rigar, ita ta dafa guzurin tafiya, kuma tana riƙe da lokaci ta hanyar haihuwa da yaye da aure. Kada ka tambaye ta shekara. Ka tambaye ta ko kafin zuwan Sarauniyar Ingila Jos ne a 1956 ko bayansa, ko kafin a koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ko kafin naira ta maye gurbin fam a 1973. Ka kunna rikodar wayarka da izininta, ka bar ta ta yi magana ba tare da ka katse ta ba. Ajamin kuma ka kai wa limamin unguwarku tun fensirin bai ƙarasa gogewa ba.

Jikan Gola, Gangare

Na gode, Baba, Malam da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Jiya na je wurin babbar gwaggona a Dilimi, muka yi fiye da awa biyu. Ta ce tana ƙarama ƙwarai aka ɗauke ta a kafaɗa zuwa tashar jirgi tarbar mahaifinta, kuma ya dawo mata da ɗan kwanon sha mai fure wanda ta daɗe tana amfani da shi. Ta tabbatar cewa lokacin da Sarauniya ta zo ya riga ya bar aikin kuza ya buɗe shagon ɗinki, don haka zuciyata ta karkata ga 1951. Liman ya karanta ajamin bayan sallar isha'i: sunayen mutum huɗu ne da kalmar Barikin Ladi, kuma ya ce ya san jikokin ɗaya daga cikinsu. Ranar Asabar za mu je gidansu da kwafin hoton, ni da yaron, sannan in an yi hutun makaranta in tafi da shi Kaduna mu duba jaridun 1951 tare.