Muhawara: Sai an rushe unguwar Nima ta birnin Accra kafin ta gyaru?

Alhaji: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina bai canja ba: Nima ba za ta gyaru da faci ba. A rushe, a fitar da tituna, a gina benaye a mayar da mutane ciki. A 2019 gwamnatin Ghana ta Akufo-Addo ta yi maganar sake gina Nima da maƙwabciyarta Maamobi, kuma da an aiwatar da yanzu an huta. Akwai lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya jingina da bango, balle motar kashe gobara. Makara ma sai an karkata ta.

Malam: Wa alaikumus salam. Alhaji, a rushe gidan wa? A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu wurin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Lokacin yaƙin duniya na biyu jama'a suka kwararo neman aiki a sansanin sojan Amurka da ke kusa da filin jirgi, alhali unguwar tana wajen iyakar birnin Accra, ba wanda ya shata mata titi ko magudana. Kowa ya gina inda aka nuna masa. Yau gida ɗaya na magada ne masu yawa, wasu a Kumasi, wasu a ƙasashen waje, yawanci kuma ba takardar mallaka. Wa zai sa hannu? Wa zai karɓi diyya?

Hajiya: Ku ƙara da 'yan haya, su ne mafi yawa. Diyya ta mai gida ce. Wanda ya biya kuɗin ɗaki na shekara biyu gaba ɗaya, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada a wuce wata shida, ranar rusau bai da komai. Kuma mai waake (shinkafa da wake) da mai koko a ƙofar gida suke sana'a, da murhu da tukunya da benci. A hawa na biyar ina za ta hura wuta? Ana zama Nima ne don kusancinta da kasuwa da Circle (shataletalen Kwame Nkrumah), mutum ya je aiki a ƙafa.

Alhaji: Hajiya, na ji. To babbar kwatar nan ta Nima fa? Mun manta 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka kusan 150?

Injiniya: Allah ya jiƙan su. Amma Alhaji, bene ba ya hana ambaliya. Ruwan Nima da Maamobi yana gangarawa ne ta kwatar zuwa kogin Odaw, ya faɗa tafkin Korle. Abin da ke toshe ta iri biyu ne: yashi da ruwa ke kwasowa daga lungunan da ba a daɓe ba, da shara, musamman ledar fiyawata. Yashin ya kwanta a ƙasa, ledar ta maƙale a bakin kwalbati, ruwa ya koma baya. Aikin a jere yake. A yashe kafin ruwan Mayu da Yuni, a kwashe dagwalon a ranar, don in aka tara shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi. A daɓe lunguna, a yi musu ƙananan magudanai masu murfin da ake ɗagawa. A sa ragar ƙarfe gaban kowane kwalbati, da mutumin da aikinsa share ta. Raga ba mai sharewa ta fi rashinta illa. Sai aboboyaa, babur mai ƙafa uku na kwasar shara, ta riƙa zuwa bakin lungu kullum a lokaci sananne, in ba haka ba dare na yi shara za ta koma kwata. Shirin GARID na rage ambaliya a Accra, da kuɗin Bankin Duniya, na dala miliyan 200 daga 2019, ya sa Nima cikin unguwannin da za a gyara a inda suke.

Alhaji: Banɗaki fa? Layi da asuba, ana biyan kuɗi, yara da tsofaffi.

Injiniya: Nan kana da gaskiya, kwalarar 2014 ta nuna mana. Masai mai bayodaijesta yana shiga tsakar gida ba sai an rushe ba: ƙaramin akwatin kankare, ciki da raga da ɓawon kwakwa, ruwan ya tace ya bi ta bututu zuwa sokawe. Inda yake lalacewa: a haɗa masa ruwan wanka da wanki, ko a zuba bilic ya kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar, ko a ɗora wa na iyali ɗaya mutum talatin. Gidajen bakin kwata kuma ruwan ƙasa na kusa, sokawe ba ya sha da damina.

Hajiya: Matsalar wurin sa shi ce, Injiniya. Mai gida ya fi son ɗakin ya kawo haya da ya zama masai.

Malam: Shi ya sa sai sarakunan zango da limamai sun zauna da magada gida-gida. Amma Alhaji bai yi kuskure duka ba: hanyar motar gobara ba za ta samu ba sai an taɓa wasu gidaje.

Alhaji: To a fara da wannan. A auna gidaje nawa hanyar za ta ci, a rubuta sunan kowane ɗan haya da abin da ya rage masa na kuɗin ɗaki, kafin katafila ta shigo.