Waɗanda suka canja babur bayan girma ya zo, ku zo mu yi magana

Dattijon Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai tun ina saurayi Suzuki A100 nake hawa, irin mai hayaƙin nan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, da shi na yi ta zirga-zirgar gonar auduga da kasuwar Pitowa ran Lahadi har gashi ya yi fari. Yanzu kayan gyaransa sun yi wuya, sai babban yarona ya sayo min Yamaha XTZ 125, Allah ya yi masa albarka. Babur ne mai lafiya wallahi amma jikina bai karɓe shi ba tukuna. Tsayin kujerarsa ya haura santimita 80, in na tsaya sai kan yatsu ke taɓa ƙasa, ga gwiwa ba irin ta da ba, kuma da na saki totur sai in ji kamar an riƙe shi ta baya, wancan kuwa sakinsa kake yi ya ci gaba da sulalewa abinsa. Na haura sittin, ba na so in ajiye kyautar yaro kuma ba na so in karye. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan dan Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Makaniken Yelwa:
Wa alaikumus salam Baba. Wannan riƙewar da kuke ji ba ciwo ba ne, haka injin da ke da mansa daban a ciki yake, shi da kansa yana taya ku birki in kun saki totur, in kun saba ma za ku ji daɗinsa a gangara. Abin da na fi jiye muku shi ne birkin gaba. Na tsohon naku na cikin ganga ne, sai an matse da ƙarfi yake ji, wannan kuwa faifai ne da mai, yatsa biyu sun isa. Dattawan da ke zuwa garejinmu da madubi a fashe yawanci labarin ɗaya ne, hannu ya damƙe birki irin damƙar da, a kan yashi, tayar gaba ta zame.

Mai hatsi daga Marwa:
Gaskiya ne maganar yashi. Mu nan da rani cikin yashin kogin Mayo Kaliyawo muke ratsawa don a rage hanya, kuma nan ne na gane bambanci. Ni daga ɗan China 125 na koma, irin mai giya zagaye ɗin nan da in ka kai ta ƙarshe ka sake takawa sai ya dawo firi, shekara da shekaru ƙafata ta san taka ƙasa kawai, sai ga sabon nan ɗaya ƙasa sauran sama, firi kuma ta maƙale tsakanin ta ɗaya da ta biyu, Alhaji ka ga mutum yana so ya ƙara gudu ƙafa ta taka ƙasa da kanta injin ya yi ihu babur ya dunguri. Abin da ya fisshe ni, bayan asuba kafin 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, su cika titi nake fita fili ni kaɗai, ba kaya ba goyo, ina ta hawa da sauka da giya ina faɗa a baki, har ƙafar ta daina gardama. Ban ɗauki iyali a baya ba sai da na ga na daina tunanin giya kwata-kwata. Ka yi haƙuri da kanka, zai zo.

Malamin makaranta, Kusuri:
Ni kam ra'ayina daban ne Alhaji, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. In ƙafa ba ta kai ƙasa sosai to babur ɗin ba naka ba ne, komai kyansa. Kullum nake tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena, cunkoson wurin tsaya-tafi ne tsaya-tafi, kowace tsayawa nauyin babur a kan gwiwa ɗaya yake sauka. Da ciwon ya matsa min sai na koma roba-roba 110 marar kuloci. An yi ta cewa na mata ne, ban kula ba, wanda ya faɗa ba shi zai kwana yana shafa man zafi ba. Farkon dai hannun hagu na ta laluben kuloci a iska. Amma in hanyar gona ce da damina, cikin laka, ban ce ya kai naka ba.

Makaniken Yelwa:
Malam ya yi gaskiya, sai dai kafin a kai ga sayarwa akwai dabara. Mai ɗinkin kujera zai iya rage soson ya kuma sassaƙe gefensa, ƙafa za ta ƙara sauka. Kuma Baba in za ku tsaya ku zame kaɗan gefen hagu ku kafa ƙafa ɗaya gaba ɗayanta, ta dama tana kan birki, ya fi a tsaya da yatsun biyu ana lilo.

Hajiya mai atamfa, Gidar:
Maigidana ya yi wannan canjin bara, ni ce ke zaune a baya na san yadda abin yake. Hawan ma aiki ne da zani, sai ya raɓa kusa da dakali nake iya hawa. Alhaji ka gaya wa yaran gaskiya in yana wahalar da kai, ba butulci ba ne, kuma dan Allah hular kwano ko zafin Garwa ya kai ina.

Dattijon Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan kai kujerar a rage. Ɗana makanike, saura tambaya ɗaya: juyen baƙin mai fa, tunda wancan ƙarawa kawai nake yi, wannan bayan tafiyar kilomita nawa ake juyewa a irin ƙurarmu? Kuma zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ba zai toshe masa kabureta ba in ina tacewa da ƙyalle?