Dan Allah ku ba ni shawara kan mai girkin nan na talabijin, Jeff Smith

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kuma wallahi abin ya tsaya min a rai. Ni a Amurka nake zaune tun da aka kawo ni gidan miji, lokacin ban san kowa ba, in na shiga kantinsu rabin kayan ban san yadda ake dafa su ba, kuka da daddawa kuwa sai in wani zai taho daga gida. Abin da ya taimake ni shirin wani dattijo ne mai farin gemu da tabarau a tashar PBS, Jeff Smith, shirin nasa The Frugal Gourmet, limamin cocin Methodist ne kafin ya shahara da girki. A wajensa na koyi a bar kasko ya yi zafi sosai tukuna a zuba mai, abinci ba zai kama ba, da yadda ake tara ƙashin kaza a yi romo a ajiye. Littafinsa har yau yana kicin ɗina duk ya sha mai.

Yanzu ina da ɗan shafin girki, na so in yi bidiyo na tunawa da shi, sai 'yata ta ce Mama kin san abin da aka zarge shi da shi kuwa? Ashe a 1997 maza bakwai suka kai shi ƙara cewa ya yi lalata da su suna yara, shida sun ce lokacin suna masa aiki a shagon abincinsa Chaplain's Pantry a garin Tacoma a shekarun 1970, na bakwai ya ce a 1992 ne yana ɗan shekara 14 ya rage masa hanya a mota. Ya musanta, ba a taɓa gurfanar da shi kan laifi ba, a 1998 aka yi sulhu aka biya su kuɗi, shirin kuma ya tsaya. To in yi bidiyon? In yi girkin ba tare da sunansa ba? Ko in haƙura gaba ɗaya?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam Aunty. Mutumin nan ya rasu tun 2004, kotu ba ta kama shi da komai ba, zargi kuma ba hujja ba ne. Annabi SAW ya hana zagin matattu don sun riga sun tarar da abin da suka aikata. Ki yi bidiyonki ki faɗi alherin da kika sani, sauran ki bar wa Allah.

Abu Hanif:
Hajiya bari in ɗan yi bayani kan sulhun don mutane na ruɗewa a nan. Ƙarar da suka shigar ta neman diyya ce, ba gwamnati ce ta tuhume shi ba. A Amurka mutum kan biya a irin wannan ƙara ko yana da gaskiya saboda kuɗin lauyoyi da tonon silili, kamfanin inshora ma yakan fi son a biya a huta, kuma a nasa da hannun inshorar aka biya. Amma mai laifi shi ma yakan biya don kar shaidu su tsaya gaban alƙali su yi magana duniya ta ji. Shi bai amsa laifi ba, ba a bayyana nawa aka biya ba, ba a saurari shaidu ba. Sulhun bai wanke shi ba bai kuma kama shi ba, duk wanda ya ce miki ɗaya daga ciki ya ƙara nasa ne.

'Yar Zazzau:
Maman Sadiq ki yi haƙuri ban yarda ba. Faɗin abin da aka rubuta a takardun kotu ba zagi ba ne. Mutum bakwai fa, ba ɗaya ba, maza manya da suka fito suka faɗi irin wannan abin kunya a kansu, kuma yawancinsu yara ne da suke cin abinci a ƙarƙashinsa, shi ne mai gida shi ne kuma limami, wa za su gaya wa a lokacin ya yarda? Wannan shi ne ciwonmu mu ma, da zarar an ce malami ne ko mai kirki ne sai a ce a rufa asiri, yaron shi ake tsawatar wa ya yi shiru. Na rantse cikin masu bin shafinki akwai wadda aka taɓa ɗanta ko ita kanta, in ta ga kin yi ta yabonsa daga baya ta gano kin sani kika ɓoye, me za ta ji? Ni ban ce ki yanke masa hukunci ba, amma kar ki binne yaran nan.

Ummu Khairat:
Zafin kasko kafin mai ai tsohon ilimin masu girkin Sin ne, ba nasa ba ne, ki koyar da abinki. Bidiyon tunawa dai ki bar shi, yabo zalla ne. Littafin kuma kar ki yar.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri. Zan bar na tunawar, zan yi girkin in ce a wajensa na koya, in faɗi zargin da musantawarsa da sulhun yadda Abu Hanif ya jera. A baki zan faɗa ko a rubutun ƙasan bidiyo?

'Yar Zazzau:
A baki Aunty, tun a farko kafin ki ɗora kasko, ba kowa ke buɗe rubutun ƙasa ba.