Kwana nawa makarantar raino ke cewa a ajiye yaro a gida?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum iyaye. 'Yata ta kwana tana amai da gudawa, gari ya waye ta warware har tana wasa, amma makarantar rainonsu ta ce kada in kawo ta sai bayan awa 48. Haka ake yi a taku? Ni ma'aikaciya ce, ba ni da mai riƙe min ita.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin rainon nake yi, mu ma haka dokarmu take. Daga amai ko gudawar ƙarshe ake fara ƙirgen, ba daga ranar da ciwon ya soma ba. Yaro yakan warware amma ƙwayar cutar tana nan a kashinsa, ga shi mu muke canza musu kunzugu, su kuma duk abin wasan da suka ɗauka sai sun kai shi baki. Ɗaya ya zo da ita, kafin sati ya zagayo ajin ya kwanta, har da mu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ɗura wa yaro farasitamol da safe a kawo mana shi. Kafin azahar maganin ya sake shi, jiki ya koma rau, mu kira uwa a waya ta ce ai lafiya lau ya fito. A wurinmu sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi, kuma ba da taimakon magani ba.

Baban Sadik:
Mu ƙarambau ce ta kama namu. An ce sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, aƙalla kwana 5 daga fitowarsu. Na bi dokar, amma gaskiya Anti Bilki, likita ya ce yaro yana fara yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurji ya fito. To wa aka kare? Ƙanwarsa ma bayan kusan sati biyu ta fito mata.

Anti Bilki:
Baban Sadik, an kare malama mai juna biyu da ba ta taɓa yin ta ba, da jariran ɗakin ƙanana. Kuma don Allah kada a ba mai ƙarambau asfirin.

Ummu Yasir:
Ni ciwon ido ne ya haɗa ni da su. Likita ya ce in dai yaron yana da kuzari ba sai ya zauna a gida ba, makaranta ta ce sai kwantsar ta daina fita. Kowa da tasa. Da makero ya fito masa kuwa, washegarin fara shafa magani suka karɓe shi. Tun daga nan na nemi su ba ni dokokin a rubuce.

Hajiya Ladi:
'Ya'yana, duk waɗannan masu sauƙi ne in aka kwatanta da ƙyanda. Jikana ya yi ta, kwana 4 bayan fitowar ƙuraje aka ce zai iya komawa, amma jikinsa bai yi ƙwarin da zai koma ba sai daga baya sosai. Ku duba katin rigakafin yaranku yau, ku ga ko an yi musu allurarta.