Ɗana ya zaɓi tsaron raga a hokin ƙanƙara: wane kaya zan saya sabo, wane zan saya na hannu?

Baban Khalil (Winnipeg):

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwan da suka riga mu sanin wasan hoki na ƙanƙara a nan Kanada. Ɗana ya cika shekara tara, kuma zai shiga rukunin U11, wato na 'yan ƙasa da shekara goma sha ɗaya, a kakar da ke tafe. A rukunin da ya baro, yara suna karɓa-karɓa ne wajen tsaron raga da kayan da ƙungiyar unguwa take ba su aro, to shi tun ranar da aka sa masa kayan nan bai ƙara son wani matsayi ba, har mai horar da su ya ce mini yaron yana da natsuwa, in ba shi dama.

Na shiga kantin kayan wasanni na ga farashin da ya ɗaga mini hankali, sannan na ga lambobi irin 26+1 a jikin matasan ƙafa, wato manyan kushin da mai tsaron raga yake ɗaurawa a ƙafafunsa, ban kuwa san ma'anar lambobin ba. Shin akwai kayan da ya zama dole a saya sababbi, akwai kuma waɗanda za a iya saye na hannu ba tare da an jefa yaro cikin haɗari ba? Tunda yana girma da sauri, ya dace in ɗauki waɗanda suka ɗan fi shi domin su kai shi shekara biyu ko uku? Yana kuma roƙona a yi wa hular zane, a sa mata ragar ƙarfe mai faɗin ido irin ta ƙwararru. A ƙarshe, mahaifiyarsa tana kuka da warin jakar kayan aron da ya riƙa dawowa da ita gida. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Gola (Ottawa):

Wa alaikumus salam, Malam. Na tsare raga a wasannin manya na sha'awa tun ina ɗalibi, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka fitar da ko sisi sai ka tambayi ƙungiyarku ko tana ci gaba da ba da aron kaya a U11, domin da yawa daga ƙungiyoyin unguwa suna yin haka saboda ƙarancin masu tsaron raga. Idan kuɗin rajista ma ya yi nauyi, ƙungiyoyin agaji na Jumpstart da KidSport suna tallafa wa iyalai, kuma babu abin kunya a neman wannan tallafi tunda don haka aka kafa su.

Idan sayen ya zama dole, to kuɗinka ya fara tafiya kan kai da wuya. Faifan da ake bugawa roba ce mai tauri, nauyinta kusan giram 170, kuma a wasannin manya har daskarar da ita ake yi kafin a fara. Yaran U11 ba su da ƙarfin bugu irin na ƙwararren ɗan wasa Zdeno Chara, wanda aka auna bugunsa ya haura kilomita 175 a awa a shekarar 2012, amma tsinin sanda da kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalmi ba su san shekarun yaro ba. Hular mai tsaron raga ita ce abu ɗaya da nake ganin bai kamata a saya a hannun wanda ba a sani ba, saboda tsagewar da ke ƙarƙashin fenti ba ta ganuwa, sosan ciki kuma yana taurara idan ya sha gumi ya tsufa. Ka duba tambarin CSA, hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Kanada, a jikin hular da jikin ragar, domin hukumar Hockey Canada ba ta yarda yaro ya shiga fili ba tare da shi ba. Idan ya sa ta, goshinsa da kumatunsa su zauna a kan soso ba tare da rata ba, haɓarsa ta shiga mazauninta, farantin ƙeya kuma ya haɗu da bakin hular. Ragar mai faɗin ido da yake so, wadda ake cewa idon kyanwa, ta ƙwararru ce, kuma tsinin sanda yana iya ratsa ta ya kai ga ido, shi ya sa ba a amince da ita ga yara ba. Fenti ma ka dakata da shi, don wasu sinadaransa suna raunana robar hular yara, kuma taɓa hula yana iya soke amincin da tambarin ya ba ta.

Ka ba shi labarin Jacques Plante, mai tsaron ragar ƙungiyar Montreal, wanda faifai ya fasa masa fuska a New York ranar 1 ga Nuwamba 1959, aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska, duk da cewa mai horar da su bai so ba. Yaro da ya ji wannan zai gane cewa an yi hular ne domin tsare fuska tun kafin a fara yi mata ado.

Game da 26+1, lambar farko tsawon matashin ce da inci, ta biyun kuma ƙarin da aka yi a saman cinya domin ya toshe tsakanin ƙafafu idan yaro ya durƙusa. Abin da ake aunawa a jikin yaro shi ne daga tsakiyar idon sawu zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa, sai a duba jadawalin kamfanin, domin 26 na Bauer ba lallai ya yi daidai da 26 na CCM ko Vaughn ko Brian's ba. Awon da ya fi kowanne shi ne ya sa takalmi da wando da matasan, ya durƙusa a ƙasan kanti, ka duba inda gwiwarsa ta sauka. Akwai wani dunƙulen soso a gefen ciki wanda aka yi domin gwiwa, kuma dole ta sauka a tsakiyarsa ko ƙasa da tsakiya kaɗan. A nan ne nake roƙonka ka ajiye al'adarmu ta ɗinka wa yaro kayan Sallah da girma domin ya kai baɗi. Idan matashin ya fi shi, gwiwarsa za ta riƙa zamewa ta ƙasan dunƙulen tana dukan ƙanƙara, saman matasan biyu kuma su riƙa karo da juna, sai ya koyi tsayuwa marar kyau wadda gyara ta zai yi wuya daga baya. Salon tsaron yau, wanda Patrick Roy da mai horar da shi François Allaire suka yaɗa tun shekarun 1980, durƙuson malam-buɗe-littafi ne, gwiwoyi a ƙasa, ƙafafu a baje, kuma yaro zai yi shi sau ba adadi a kowane atisaye.

Matasan ƙafa, da garkuwar hannun sanda, da sulken ƙirji, da wando, duk ana samun su na hannu masu kyau a kantin Play It Again Sports ko a shafukan Kijiji da Facebook, domin yara suna fin ƙarfinsu kafin su cinye su. Ka matsa dunƙulen gwiwa da hannu ka ji ko ya mutu, ka duba maɗaurai da ɗinkin gefen da ke goge ƙanƙara. Takalmin tsaron raga kuwa ina ganin zai iya jira, ya ƙarasa da na 'yan wasa da yake da shi.

Maman Iman (Minneapolis):

Baban Khalil, 'yata ce mai tsaron ragar ƙungiyarsu, saboda haka kukan maman Khalil na san shi sarai. Kafin in zo kan wari, ina so in jaddada maganar wuya da Malam Tsohon Gola ya ambata bai tsaya a kanta ba. A watan Maris na 1989 takalmin wani ɗan wasa ya yanki Clint Malarchuk, golan Buffalo, a wuya, kuma da ƙyar aka ceto shi. A watan Oktoba na 2023 irin wannan yanka ya yi ajalin Adam Johnson a Sheffield ta Ingila. Bayan wannan ne hukumar USA Hockey ta wajabta wa yara makarin wuya daga Agustan 2024, ku kuwa a Kanada an daɗe da wajabta shi. Ku sayi sabo irin na masu tsaron raga, wanda yake saukowa ya rufe ƙashin wuya, ku ƙara da farantin roba mai haske da ake ɗaurewa a ƙasan hula da igiya. Yara suna ƙorafin ƙararsa, amma ni ba na sauraron wannan ƙorafi.

Warin kuwa ƙwayoyin cuta ne da suke hayayyafa a cikin danshi, kuma suna iya shiga ta ƙujewar fata su zama ƙuraje masu wuyar magani, don haka maganar ta wuce ta hanci. Magani mafi girma shi ne kada kayan su kwana a jaka, ko da an dawo gida da tsakar dare. Kada kuma a bar jakar a bayan mota da sanyin Winnipeg, domin gumin daskarewa zai yi kawai, ya narke a jikin yaro washegari. Mu muna baje komai a ɗakin ƙasa mu kunna fanka, safar kamu, wato safar hannun da ake cafke faifai da ita, a buɗe bakinta yana kallon iska. Ba a jingina su da abin ɗumama ɗaki ko a sa su a injin busar da tufafi, saboda zafi yana lanƙwasa roba yana kuma lalata soso. Rigar ciki da safa da ƙyallen goshin hula ana wanke su bayan kowane wasa. Sulken ƙirji da wando ina jiƙa su a bahon wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, in ɗauraye sosai, amma sai lokacin da na san akwai kwana biyu ko uku ba wasa. Matasan ƙafa da safar hannu ba na tsoma su a ruwa, goge su nake yi da tsumma, in fesa wa cikin safar sinadarin kashe ƙwayoyin cuta marar bilic.

Inda na ɗan saɓa wa Malam shi ne sulken ƙirji na hannu. Ana sayensa, amma a ɗaga hannun yaro a duba ko gwiwar hannunsa tana zaune a cikin ƙoƙonta, hannun rigar kuma bai sauko ya tokare bakin safa ba. Yaron da faifai ya samu a wurin da babu kariya yakan fara kauce wa bugu, kuma wannan tsoro yana daɗewa bai fita ba.

Ɗalibi Mai Washi (Calgary):

Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, domin ina aikin wucin gadi a shagon da ake wasa ƙarfen takalma. Baba na Ottawa, da girmamawa nake cewa takalmin bai kamata ya jira ba idan har yaron ya tsaya a raga. Na mai tsaron raga wuyansa gajere ne domin idon sawu ya samu walwala, ƙarfensa ya fi tsawo da miƙewa domin a tsaya daram a kuma tura jiki gefe, gabansa kuma an ƙarfafa shi saboda bugun faifai. Na 'yan wasa ƙarfensa a lanƙwashe yake, yana sa yaro yin tangaɗi gaba da baya. Ana samun na hannu da araha, a dai tabbatar ƙarfen bai cinye ba.

Idan kun kawo washi, za a tambaye ku zurfin kwarmin da ake fafewa a ƙasan ƙarfen. Ku fara da rabin inci. Idan yaron ya ce yana zamewa in ya tura, a ƙara zurfi zuwa 3/8, idan kuma ƙarfen yana cije ƙanƙara har ya hana shi jan ƙafa gefe, a sassauta zuwa 5/8. Bayan wasa a goge ƙarfen a sa masa rigar tawul, domin marfin roba mai tauri na takawa ne kawai, yana riƙe ruwa ya jawo tsatsa.

Gyaran da ya fi amfani kuma ba ya cin kuɗi shi ne igiyar da ke haɗa gaban matashi da gaban takalmi. Idan aka ɗaure ta tamau, ƙafar yaro ba ta iya sauka ƙasa in ya durƙusa, sai nauyin ya koma kan gwiwa da ƙugu. A yi mata ƙulli uku ko huɗu kafin ta kai takalmi domin ta samu sassauci, ko a musanya ta da mai talewa. Maɗauran ƙauri ma kada a matse su, don matashin yana bukatar juyawa a jikin ƙafa ya fuskanci faifai. Sabuwar safar kamu kuwa tauri gare ta, hannun ɗan shekara tara ba zai iya rufe ta ba, shi ya sa a nan ta hannu takan fi sabuwa. In sabuwar ce, a sa faifai a aljihunta a ɗaure ta a rufe ta kwana, washegari a bar ta a buɗe, ya riƙa buɗewa da rufewa yana zaune a gida. Kada a sa ta a tandun girki.

Baban Khalil (Winnipeg):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tuntuɓi ƙungiyar, sun ce za su ba da aron matasan ƙafa da sulke, saboda haka hula da makarin wuya zan saya sababbi, in nemi takalmi da safa na hannu. Saura sanda: da dama yake rubutu, a wane hannu zai riƙe ta, kuma zan iya yanke doguwa ta yi daidai da shi?

Tsohon Gola (Ottawa):

Hujjar ɗanmu na Calgary kan takalmi ta fi tawa ƙarfi, a bi ta. Yawancin masu amfani da dama suna riƙe sanda da garkuwa a dama, su yi kamu da hagu, kuma irin wannan kaya ya fi sauƙin samu a kasuwa, amma ka jefa masa ƙwallo ka ga hannun da yake miƙawa kafin ka biya. Sandar ba a zaɓar ta da tsawonta gaba ɗaya, ana duba faffaɗan ɓangaren da ke ƙasa ne. Ya sa takalmi ya yi tsayuwar tsaro, bakin sandar ya kwanta duka a ƙasa a gaban yatsunsa, garkuwar hannun kuma ta tsaya a gefen matashi daidai gwiwa. Idan ta haura sosai har hammatarsa ta buɗe, ɓangaren ya yi masa tsawo, kuma yanke saman sandar ba zai gyara wannan ba, sai dai ya ɓata mata daidaiton nauyi. A naɗa dunƙulen farin tef a ƙarshenta domin kada ta suɓuce masa in ya miƙa ta, kuma domin ya iya ɗaukar ta daga kan ƙanƙara da safa a hannu.