Oga mai zagi: kowa na masa biyayya, to me ya sa aiki ke lalacewa?

Ɗan Sito: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ofishin da oga ke zagin na ƙasa da shi a bainar jama'a, za ka ga kowa na zuwa a kan lokaci, ba mai musa masa. Amma a irin wannan wuri ake yawan samun takardun bogi da kayan da suka yi ɓatan dabo. Mene ne haɗin, kuma me ƙaramin ma'aikaci zai yi?

Hajiya Odita: Wa alaikumus salam, Malam. Ma'aikaci yana saurin gane cewa kawo mummunan labari ne ke jawo masa cin mutunci, sai ya daina kawowa. Mai sito ya ƙirga ya ga buhu biyar sun yi ƙafa, sai ya gyara kati ya yi daidai da littafi. Akanta ya sa hannu a bauca, wato takardar biyan kuɗi, alhali babu shaidar karɓar kaya, don jiya an ci masa fuska a kan jinkiri.

Dalilin da ya sa ake raba biyan kuɗi tsakanin mai shiryawa, mai dubawa da mai amincewa shi ne ɗayansu ya iya cewa a'a. In duk ukun mutum ɗaya suke tsoro, sa hannun ya zama ado. A 2016 an ci tarar bankin Wells Fargo na Amurka dala miliyan 185, bayan ma'aikatan da aka matsa wa lamba su kawo adadin cinikin da ya fi ƙarfinsu sun riƙa buɗe asusu ba da sanin masu hulɗa ba. An kori kusan mutum 5,300. Abin takaici, ƙanana ne suka fara shan hukuncin.

Sakataren Ƙungiya: Ɗan'uwa, kada ka aiwatar da umarnin baki da ya saɓa ƙa'ida. Cikin ladabi ka ce: ranka ya daɗe, a rubuta min a fayil. In ya ƙi, kai ka rubuta abin da aka umarce ka da dalilin da ya hana ka, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi. Duk cin zarafi ka rubuta rana, lokaci, kalmomin da aka faɗa da waɗanda ke wurin. Ranar bincike sa hannunka za a gani, muryar oga ba ta cikin fayil. Kuma ku kai koke ta ƙungiya, don wanda ya je shi kaɗai da sauƙi a wurga shi wani reshe.

Barista: Ƙari kaɗan. In maganar almundahana ce a ma'aikatar gwamnatin tarayyar Najeriya, akwai ACTU, sashen yaƙi da cin hanci na cikin ma'aikatar, wanda hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke sa wa ido. In zalunci ne na gudanarwa, a je Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Rikicin aiki kuwa hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, bisa sashe na 254C na tsarin mulki. Sai dai kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin lauya ya duba takardar ɗaukarka aiki da hujjojinka.