Amfilifaya: mu ci gaba da aro, ko mu raɗa mata suna?

Masu Hausa, ku matso kusa, yau wata kalma ta hana ni sakat.

Yayana yana da jirgin fiba a Yauri, mai inji a baya. Ran kasuwa yana ɗaukar fasinja, wani sa'in kuma 'yan biki. Jiya ya kira ni ya ce, "Ƙanena, rediyon nan da na sa ba a jin sa. Da na tayar da inji sai ka ce raɗa yake yi. Ka samo mini lasifika mai ƙarfi, amma fa aljihun ba nauyi." Da na bincika, rediyon mota ne da lasifikoki huɗu masu faɗin inci 6.5, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Yunwa kawai suke ji. Abin da ya rasa shi ne amfilifaya, akwatin nan da ke shiga tsakanin rediyo da lasifika don ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa gare ta. Na buɗe baki zan gaya masa sunansa da Hausa, sai na ji wayam.

Da ya shiga kasuwa da kalmar da ke bakinsa, da lasifika za a miƙo masa, ya biya, ya koma gidan jiya. Rashin sunan nan asarar kuɗi yake jawowa.

Rediyon mota a jikinsa an rubuta wat 50 sau huɗu, amma ƙarfin da yake iya riƙewa ba yankewa bai wuce wat 15 zuwa 22 ga kowace lasifika ba. A cikin mota, gilashi a rufe, hakan ya wadatar. A kan Kwara babu bango babu rufi, ga iska, ga ƙugin inji, ga ruwa yana dukan jirgi. Sautin fita yake yi ya tafi abinsa.

To me za mu kira akwatin?

Amsa-kuwwa tana da mai ita. Ita ce mai baki kamar kakaki a saman hasumiyar masallaci, wato inda muryar ke fita. Larabawa ma sun raba biyun: lasifika "mukabbir", akwatin kuma "mudakkim". Mu ne muka zuba su a kwando ɗaya.

Da farko na so ƙara-sauti. Gininta Hausa ne tsantsa, 'yar gidan su dafa-duka da fasa-ƙwauri, kuma yaro ma ya ji ta ya gane. Amma da na kwana da ita sai ta daina yi mini. Akwatin nan ba sauti ke shiga cikinsa ba, ba kuma sauti ke fita ba. Lantarki ne siriri yake shiga, lantarki mai kauri ya fita, sai ya isa lasifika sannan ya zama abin da kunne ke ji. Sannan "ƙara sauti" abin da kowa ke yi ne idan ya murɗa rediyo. Ka ba mutum akwati ka ce masa sunansa ƙara-sauti, ka ba shi lasisin murɗa duk abin da ya gani a jikinsa har ƙarshe.

Ƙari, bayan la'asar, ga amsa ga waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu.

Malam na Damagaram, na gode. Ka ce ku can "ampili" kuke cewa, daga gajartawar Faransanci. Ta fi amfilifaya daɗin faɗa, gaɓa uku maimakon biyar. Tsorona ɗaya ne: a nan gefen akwai amfiya, ma'aunin wutar da ake ja daga batir, kuma masu gyara suna gajarta ta su ma. Turawa kansu sun faɗa wannan ramin, kalma ɗaya suke yi wa biyun idan sun gajarta. Zancen jirgi kuwa ba ya yiwuwa sai an ambaci biyun a jimla guda.

Baba mai gyaran rediyo, Allah ya ƙara girma, ka ce ku tun da can "inji" kuke cewa, kamar yadda ladan zai ce injin masallaci ya ƙone. Gaskiya ne, na sha ji. Amma Baba, ka je bakin ruwa ka ce wa mai jirgi injinsa ya ƙone, ka ga ko zai tsaya jin sauran bayani.

Ga tawa shawarar, ku auna ta: mazugin sauti.

Ku tuna maƙera. Garwashi yana nan, ja ne, amma ba zai lanƙwasa ƙarfe ba. Mai zuga bai kawo wuta daga gidansu ba, wadda ke nan yake hurawa har ta yi ƙarfin aiki. Haka akwatin nan yake. Bai ƙirƙiri waƙa ba, bai gyara muryar mai wa'azi ba, abin da rediyo ya ba shi shi yake zugawa. Kalmar kuma tana ɗaukar mai yin zugar da abin zugar duka, kamar yadda kalmomi masu farawa da "ma" suka saba.

Abin da ya sa na maƙale mata shi ne, duk abin da nake son Yaya ya sani kafin ya fitar da kuɗi, kalmar tana faɗa masa da kanta.

Zuga da damtse ake yin ta, damtsen nan kuwa batir ne mai bolt 12. Lasifika huɗu, kowace wat 50, wat 200 ke nan. Akwai irin da ake rubuta wa aji D, wanda cikin wuta goma da ya ja, takwas ko fiye ke tafiya aiki. Tsohon yayi, aji AB, kusan rabi yake mayarwa zafi. Na farkon idan an kai shi ƙarshe zai ja wajen amfiya 20, na biyun ya doshi 30. A mota wannan ba abin damuwa ba ne. Ƙaramin injin jirgi kuwa cajin da yake mayarwa kaɗan ne, kuma mai jirgi ya fi kunna rediyo lokacin da yake tsaye a gaɓa yana jiran fasinja, inji a kashe. Don haka aji D, ba gardama. Ga shi ƙarami, ga shi ba ya zafi sosai, ya shiga ƙarƙashin benci.

Zuga kuma daidai ƙarfen ake yin ta. Ya duba bayan lasifika, zai ga om 4, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, da adadin wat kusa da haruffan RMS, wato ƙarfin da take iya ɗauka ba yankewa. Wannan adadin zai nema a jikin mazugi, a kan om 4 ɗin, mai hanya huɗu, ɗaya ga kowace lasifika. Wat 1000 da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali kuwa ya kau da kai. Kada ma ya sa ran ninka wat zai ninka ƙara a kunne, sai an ninka wajen sau goma ake jin kamar ta ninku. Abin da zai samu shi ne sauti garau a daidai inda da yake dishewa.

Akwai ɗan mamurɗi a gefen akwatin da masu haɗawa ke son kaiwa ƙarshe don mai kaya ya ji daɗi. Ba na ƙara ba ne, na daidaita shi da rediyo ne, sau ɗaya ake saita shi a bar shi. In ya wuce, sauti ya fara tsatsagewa, ƙananan lasifikokin da ke ba da siririyar murya su ne farkon ƙonewa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da zugar ganganci ke yi wa ƙarfe.

Iyakar abin da kalmar ba ta faɗa ba shi ne ruwa. Mazugin da aka yi don jirgi an shafe allon cikinsa da wani siririn shafi mai hana laima taɓa shi, na mota galibi babu. A Legas, inda gishiri ke cikin iska, na mota ba ya daɗewa. Kwara ba gishiri, wanda aljihunsa ba nauyi zai iya lallaɓawa da na mota in ya ɗaga shi sama inda feshi ba ya kaiwa, amma laima ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. In kuɗin bai isa komai ba, ni a nan zan sa shi, in haƙura da wat mai yawa. Waya ta zama jan ƙarfe mai wankan kuza. Fis ya zauna dab da batir, ƙa'idar masu jiragen ruwa a Amurka ma inci 7 ta yanke. Kuma a gaya wa mai haɗawa ba mota ba ce: jikin fiba ko katako ba ya ɗaukar wuta, wayoyi biyun dole su koma batir.

Mai shago na Sabon Gari, na ga dariyarka. Ka ce zuga ai ita ce ta 'yan bani-na-iya, a kambama abu ya fi girmansa. To ai ka ƙara mini hujja. Ka ɗauko kwali ɗaya a shagonka ka karanta abin da aka rubuta a kai.

Ban ce amfilifaya za ta mutu ba. Lasifika da makirufo da batir duk baƙi ne da suka zama 'yan gari, ita ma ta kama hanya, kuma mai shago ita ya sani. Matsayata dai: a bakin kanta a ce amfilifaya, a rubutu da aji da wurin bayani a ce mazugin sauti, jam'i mazugai. Ƙara-sauti a bar wa mamurɗin rediyo, can ne gidanta.

Na kira Yaya da magariba na kwashe masa duk wannan. Ya yi shiru, ya ce, "Wato wutar tana nan, mai hurawa ne babu." Na ce ƙwarai. Ya ce, "To kai da Hausarka. Rubuto mini yadda zan faɗa wa mai shago, kuma ka tambayo mini nawa ne mazugin."